Tsawo Ko Yawan Masu Shiga: Yadda Ake Cin Ribawun A Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka

Ranar 5 ga Afrilun 2025, a birnin San Antonio na jihar Texas, Duke ta kara da Houston a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, wato NCAA. Duke ta zo da zaratan dogaye. A cikin waɗanda koci Jon Scheyer ke yawan sakawa babu wanda bai kai ƙafa 6 da inci 5 ba, ga Cooper Flagg mai ƙafa 6 da inci 9, ga kuma Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu mai ƙafa 7 da inci 2 a ƙarƙashin kwando. Houston kuwa manyanta biyu da suka fara wasan, J'Wan Roberts da Joseph Tugler, ƙafa 6 da inci 8 ne kowannensu, L.J. Cryer da ya fi ci mata maki kuma ƙafa 6 da inci 1. Duk da haka Houston ce ta mamaye ribawun, wato cafke ƙwallon da aka jefa ta ƙi shiga. Ta samu 42, Duke ta samu 31, kuma 18 daga cikin na Houston a kwandon da Duke ke tsaro ta ƙwace su. Maluach ya tashi wasan ba shi da ko ɗaya.

Saura kimanin minti takwas Duke na gaba da maki 14. Saura daƙiƙa 25 Tugler ya biyo jifan da ɗan'uwansa ya ɓarar ya dankara shi a kwando, tazara ta koma maki ɗaya. Tyrese Proctor na Duke ya ɓarar da jifan fanareti, alƙalin wasa ya busa wa Flagg laifi wajen ƙoƙarin cafke ƙwallon ta bayan Roberts, hukuncin da har yanzu magoya bayan Duke ke ƙorafi a kansa. Roberts ya zura jifa biyun, Houston ta shiga gaba, daga ƙarshe ta yi nasara 70 da 67.

Wasa ɗaya ba ya kafa hujja. Amma wannan ya nuna abin da kociyoyin da suka ƙware a harkar suka daɗe da sani: ribawun a kwandon abokin hamayya shawarar koci ce kafin ya zama baiwar jiki, ribawun a kwandonka kuma wurin tsayawa ne da ladabtuwa. Tsawo yana taimakawa ƙwarai, sai dai yana da farashi, kuma wajen lissafa wannan farashin ne ƙungiyoyi ke rabuwa.

Yadda ake ƙidaya

Abu na farko, a daina dogara da jimillar ribawun da ake nunawa a talabijin bayan wasa. Tana ruɗar mutum. A ce ƙungiya ta farko ta ɓarar da jifa 22, ta sake ƙwato 5, abokiyar hamayya ta kwashe 17. Ƙungiya ta biyu ta ɓarar da 42, ta ƙwato 14, ta farko ta kwashe 28. Jimilla: ta farko 33, ta biyu 31. Mai kallon jimilla zai ce ta farko ce ta fi. Alhali ta biyu ta ƙwato kashi 33 cikin ɗari na abin da ta ɓarar, ta farko kuwa kashi 23 kacal. Ta farko ta fi iya jifa ne kawai, shi ya sa ƙwallayen da suka faɗo a kwandonta suka fi yawa. Haka ma ƙungiyar da ke yawan ƙwace ƙwallo kafin a kai ga jifa, kamar West Virginia a zamanin da Bob Huggins ke matsa wa abokan hamayya tun daga ƙarshen fili, tana rage wa kanta yawan ribawun na tsaro, domin harin da ya mutu ba tare da jifa ba babu abin cafkewa a cikinsa.

Ma'aunin da masu nazari irin su Ken Pomeroy ke amfani da shi shi ne kaso. Ka ɗauki ribawun ɗinka na hari, wato wanda ka ƙwato bayan jifan ƙungiyarka ya ƙi shiga, ka raba shi da jimillar ribawun ɗinka na hari da ribawun na tsaro na abokin hamayya. A 'yan shekarun nan matsakaicin rukuni na ɗaya, wato babban rukunin gasar, yana yawo ne a kusa da kashi 30. Wadda ta kai 36 zuwa 40 tana sahun gaba a ƙasar. Wadda ta sauka ƙasa da 24 kuwa, yawanci kocinta ne ya hana yaransa shiga.

Me wannan bambancin ke saya? Ƙungiyar da ta yi jifa 60 ta zura 27 ta bar ƙwallaye 33 a sama. Idan tana ƙwato kashi 25, ta samu 8. Idan tana ƙwato kashi 38, ta samu 12 ko 13. Ƙarin damar jifa huɗu zuwa biyar ke nan a kowane wasa, kuma da yake a matakin jami'a kowane hari kan haifar da kusan maki ɗaya ko sama da haka kaɗan, maki huɗu zuwa biyar ne. A gasar da ake fita da zarar an sha kashi sau ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dean Oliver, wanda ya tsara abubuwa huɗu da ke yanke hukuncin wasa, ya ba iya jifa kashi 40, asarar ƙwallo 25, ribawun 20, jifan fanareti 15. Na uku ne a jerin, amma shi ne wanda bai dogara da ko hannun yaro ya yi zafi a wannan daren ba. Ranar da jifa ya ƙi, ribawun ɗin hari ma ƙaruwa yake yi, tunda abin cafkewa ya yawaita.

Dokokin jami'a suna canza lissafin

Wanda ya saba kallon NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, ko wasannin ƙasa da ƙasa ya kamata ya lura da wasu bambance-bambance. A wasan maza na jami'a minti 40 ake yi, kashi biyu na minti 20, kuma laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, saɓanin shida a NBA. Filin da ke ƙarƙashin kwando, wanda ake shafa wa fenti, faɗinsa ƙafa 12 ne, na NBA 16. Babu dokar da ta hana mai tsaro yada zango a cikinsa fiye da daƙiƙa uku, don haka dogo zai iya tsayawa gindin kwando muddin ya ga dama. Ba a taɓa ƙwallo tana kan zobe ko a samansa kai tsaye, alhali a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, da zarar ta bugi zoben kowa na iya share ta. Yaran da suka taso a kan dokar FIBA sai sun yi aikin raba hannunsu da wannan ɗabi'ar. Idan mutum biyu suka riƙe ƙwallo tare, ba a jefa musu ita sama, kibiyar da ke kan teburin alƙalai ce ke nuna mai ita, saboda haka gajere da ya cusa hannu ya riƙe ya samu rabin dama.

Daga kakar 2019 zuwa 2020 an yi canji biyu. An mayar da layin maki uku baya, daga ƙafa 20 da inci 9 zuwa ƙafa 22 da inci 1¾, kuma idan ƙungiya ta ƙwato ribawun na hari agogon jifa, wanda ke ƙayyade lokacin da za ta yi jifa a cikinsa, daƙiƙa 20 yake komawa maimakon 30. Jifa mai nisa yakan dawo da nisa, abin da ke ƙara rabon 'yan waje a ribawun ya rage na wanda ya tsaya gindin kwando.

Mutum nawa za a tura

A nan gizo ke saƙa. Da zarar ƙwallo ta bar hannun mai jifa, kowane ɗaya cikin biyar ɗin yana da zaɓi biyu: ya kutsa wajen kwando, ko ya ruga baya ya tare harin gaggawa. Tom Izzo na Michigan State, wanda ya ɗauki kofi a 2000, ya yi suna da tura mutum huɗu ya bar ɗaya baya, kuma atisayensa na kokawar ribawun har da kwalkwali da sulken 'yan ƙwallon Amurka ya taɓa sa yara su yi shi. Kelvin Sampson na Houston yakan rufe bakin kwando da murfi a atisaye, ta yadda babu jifan da zai shiga, kowanne sai an yi gumurzu a kansa. A ɗaya ɓangaren akwai Tony Bennett, da ya horar da Virginia har 2024, wanda ya gaji tsarin cunkushe tsakiya daga mahaifinsa Dick Bennett. Shi ya riƙa mayar da yawancin yaransa baya domin kada a taɓa samun tsaronsa a buɗe, kuma da wannan ya ɗauki kofi a 2019. Dukansu sun yi nasara, don haka ba a cewa hanya ɗaya ce daidai. Amma akwai kuskuren lissafi da ya daɗe yana sa kociyoyi komawa baya fiye da kima.

Kuskuren shi ne ɗaukar harin gaggawa da aka yi maka a matsayin cikakkiyar asara. Abokin hamayya da ya cafke ƙwallon zai kai hari ko ka koma ko ba ka koma ba. Abin da rashin komawarka ya ƙara masa shi ne bambanci tsakanin harin gaggawa da harin da ya tarar da tsaro a shirye. A ce na farko yana ba shi maki 1.3, na biyu maki 1. Asararka 0.3 ce a kowanne. Ribawun ɗin hari kuwa sabuwar dama ce ɗungurum, wadda da babu ita. Idan tura ƙarin mutum ɗaya ya kawo maka ribawun uku a wasa, ka samu sama da maki uku. Kafin wannan ribar ta goge sai an yi maka ƙarin harin gaggawa kusan goma. Waɗannan alƙaluma misali ne, kowace ƙungiya za ta sa nata, amma sun nuna inda ma'aunin ya karkata. Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba: ƙungiyar da ta san za ka auko mata da mutum huɗu dole ta tsayar da 'yan wajenta su taya tarewa, kuma wanda ya tsaya tarewa bai fita da gudu ba.

Yawan masu shiga rabin maganar ce. Sauran rabin shi ne wa zai shiga, daga ina. Tsohuwar hanya tana rabawa da matsayi: manya biyu da na gefe ɗaya su shiga, mai rarraba ƙwallo ya koma tsakiyar fili, na biyar ya tsaya wajen layin fanareti yana jiran wadda za ta dawo da nisa. Matsalarta ita ce idan mai rarraba ƙwallon ne ya kutsa ya yi jifa a gindin kwando, babu kowa a baya, sai fa idan an koya wa wani ya maye gurbinsa nan take. Sabuwar hanya tana rabawa da wuri: duk wanda ke ƙasan layin fanareti lokacin jifa ya shiga, wanda ke samansa ya koma. Hikimar a bayyane take. Wanda ya tsaya a kusurwa shi ya fi kowa nisa da kwandonsu, ko ya juya da gudu ba zai riga kowa isa ba, ga shi kuma mai tsaronsa yawanci ya matsa tsakiya don taimako ya juya masa baya. Ya fi amfani ya bi ta layin ƙarshe ya shiga.

Akwai hanya ta uku da Aaron Fearne ya yaɗa tun yana horar da Cairns Taipans a Ostareliya, kafin ya koma jami'ar Charlotte. A tsarinsa dukan biyar ɗin suna shiga, amma kowa yana manne da mai tsaronsa ta ɓangaren da ke kallon tsakiyar fili, yana matsa shi zuwa ƙarƙashin kwando. Idan ƙwallo ta dawo da nisa, tasu ce. Idan abokin hamayya ya cafke, kowa ya riga ya tsaya tsakanin mutuminsa da kwandonsu. Inda tsarin ke rushewa shi ne idan mutum ɗaya ya yi kwaɗayi ya zagaya ta ƙasan mai tsaronsa: ya bar ƙofa a buɗe, babu wanda zai rufe ta.

Duk tsarin da aka ɗauka, wuri mafi tsada shi ne gefen da ba a yi jifa daga shi ba. Jifan da aka yi daga dama ya fi yawan faɗowa hagu. Ƙwararren mai ribawun tun ƙwallo na sama yake tsallakawa can. Idan mai tsaro ya riga shi tsayawa, ba ya hawa bayansa. Yakan jingina da shi ya tura shi a hankali da ƙugu har ya shige ƙarƙashin zobe, inda babu abin da ke faɗowa sai ƙwallon da ta shiga. Idan kuma ba zai iya cafkewa da hannu biyu ba, sai ya mare ta zuwa waje wajen 'yan'uwansa. Jifan maki uku da ke biyo bayan irin wannan yana cikin mafiya kyau a wasa, domin tsaro ya tattaru gindin kwando, mai jifa kuma yana fuskantar kwando ƙafafunsa a shirye.

Ribawun na tsaro da abin da ke ɓata shi

Matakan ba su da wuyar faɗa. Wanda ke gaban mai jifa ya yi ihu don kowa ya san an jefa. Kowa ya kalli mutuminsa tukuna kafin ya kalli ƙwallo. Ya taka ya same shi da damtse a ƙirji tun yana nesa da kwando, ya juya ya sa shi a bayansa, gwiwa a lanƙwashe, ƙafafu a buɗe, hannaye a ɗage daidai kafaɗa. Daga nan ya sake shi ya tashi wa ƙwallon da hannu biyu, ya sauko da ita ƙarƙashin haɓa, ya juya ta gefen layin fili ya miƙa wa mai rarrabawa. Kada a daɗe ana tarewa har ƙwallo ta faɗi ƙasa tsakanin mutum uku kowa na riƙe da nasa. Kada kuma a tare a makare: wanda ya bari mutuminsa ya iso ƙafa uku daga kwando kafin ya taɓa shi ya riga ya rasa filin da ƙwallon za ta sauka.

Yawancin ribawun da ake ƙwace wa ƙungiya tun kafin jifa aka yi asararsa. Babban dogo ya bar mutuminsa ya tashi zai toshe jifan da ba zai kai gare shi ba, sai mutumin nasa ya tsinci ƙwallo babu kowa a jikinsa. Maganin shi ne ɗan gefen da ke nesa ya sauko ya sa jiki a kan wannan mutumin, ko da ya fi shi inci shida. Ba a neman ya cafke, ana neman ya hana. Musayar mutane a wasan shinge, inda ɗan wasa ke tsayawa ya tare wa mai ƙwallo mai tsaronsa, ita ma haka take: gajere ya koma riƙe da dogo a gindin kwando, dogonka kuma yana can layin maki uku. Ƙungiyar da ke rutsa mai ƙwallo da mutum biyu nesa da kwando tana barin uku su tare huɗu. Sai tsaron yanki, inda kowa ke tsare wani wuri a fili, wanda shi ya fi kowanne wannan lahani, domin babu wanda aka ɗora wa wani takamaiman mutum. Syracuse a zamanin Jim Boeheim, wadda ta ɗauki kofi a 2003 da tsaron biyu gaba uku baya, takan tara dogaye masu dogon hannu, amma shekara da shekaru ana ƙwace mata ribawun fiye da yadda tsawonta ya kamata ya bari. Boeheim ya karɓi wannan a matsayin kuɗin da yake biya don samun toshe jifa da ƙwace ƙwallo.

Maganar hawa baya kuma, dokar ba ta hana dogo miƙa hannu ta saman gajere ya ɗauke ƙwallo ba. Abin da ta hana shi ne ture mutum daga inda ya riga ya tsaya. Shi ya sa gajeren da ya tare da kyau yake cin riba ta hanya biyu: ko ya samu ƙwallon, ko ya ɗora wa dogon laifi ɗaya cikin biyar ɗinsa.

Manya biyu, ko gajeru huɗu

Roy Williams, tsohon kocin North Carolina, bai cika rabuwa da manya biyu a fili ba, har lokacin da sauran kociyoyi suka koma baza masu jifa huɗu a waje. A 2017, da Kennedy Meeks da Isaiah Hicks da Tony Bradley, ƙungiyarsa ta ƙwato sama da kashi 40 na abin da ta ɓarar, ta kuma ɗauki kofi bayan ta doke Gonzaga 71 da 65. Amfanin manya biyu shi ne idan ɗaya ya yi jifa ko ya fita kafa shinge, ɗayan yana gefen nesa inda ƙwallo ke faɗowa. Da babba ɗaya tak, da zarar ya fita sama babu kowa a ciki. Florida ta Todd Golden da ta doke Houston 65 da 63 a wasan ƙarshe na 2025 ta bi wannan hanyar da mutum huɗu masu karɓa-karɓa: Alex Condon, Thomas Haugh, Micah Handlogten, da Rueben Chinyelu ɗan Najeriya, wanda ya fito daga makarantar NBA ta Afirka a Senegal. Yawansu yana da muhimmanci kamar tsawonsu. Manya huɗu laifi 20 ne a hannu, kowa na iya yin kokawa ba tare da tsoron fita ba. Ƙungiyar da ta dogara da dogo ɗaya, da ya yi laifi biyu a minti biyar na farko sai ya koma benci, tsarin ribawun ɗinta gaba ɗaya ya bi shi.

Farashin manya biyu cunkoso ne. Idan dukansu ba sa jifa daga nesa, masu tsaronsu za su tare a cikin fenti, hanyar kutsawa ta toshe. A tsaro kuma za a riƙa jan mai nauyin ƙafa cikinsu zuwa waje a wasan shinge har ya gaji. Purdue ta ɗanɗana wannan ranar 17 ga Maris ɗin 2023, lokacin da Fairleigh Dickinson, ƙungiya mafi gajerun 'yan wasa a rukuni na ɗaya a wannan kakar, ta doke ta 63 da 58. Zach Edey na Purdue mai ƙafa 7 da inci 4 ya ci maki 21 ya cafke ribawun 15, ya yi aikinsa. Amma an yi masa taron dangi, an bar abokansa a buɗe, suka zura 5 kacal cikin jifan maki uku 26, suka kuma yi asarar ƙwallo sau 16. Damar da ribawun ya kawo, asarar ƙwallo ta kwashe. Kentucky ma ta ga irin wannan a 2022: Oscar Tshiebwe ɗan Kongo, wanda ke cafke sama da 15 a kowane wasa, ya ci maki 30 da ribawun 16, amma Saint Peter's ta fitar da su a zagayen farko.

Gajerun ma suna da iyaka. A kakar 2005 zuwa 2006 raunin gwiwa ya raba Villanova da Curtis Sumpter, sai Jay Wright ya fito da 'yan waje huɗu: Randy Foye, Allan Ray, Kyle Lowry da Mike Nardi. Sun ci karensu babu babbaka har zagayen ƙungiyoyi takwas, inda suka haɗu da Florida mai Joakim Noah da Al Horford, manya biyu masu gudu kamar 'yan waje. Nan tsarin ya tsaya, 75 da 62. Gajarta tana riba ne muddin dogon abokin hamayya yana da nauyin ƙafa. Idan yana da tsawo yana da sauri, babu abin da ka saya da inci ɗin da ka sadaukar. Villanova da ta ɗauki kofi a 2018 daban take. Omari Spellman da Eric Paschall ba su kai ƙafa 7 ba, amma masu kauri ne da ba a ture su, kuma dukansu suna jifan maki uku, abin da ke fitar da manyan abokan hamayya daga gindin kwando.

Misalin da ya fi koyarwa shi ne Baylor ta Scott Drew a wasan ƙarshe na 2021, da Gonzaga wadda ta zo ba a taɓa doke ta ba a wasa 31. Baylor ta yi nasara 86 da 70, ta ƙwato ribawun 16 na hari. Takwas daga ciki na Mark Vital ne, mai ƙafa 6 da inci 5, wanda kusan ba ya jifa daga nesa. A ƙa'ida irin wannan ɗan wasa nauyi ne a hari, tunda mai tsaronsa zai bar shi ya je taimako. Amma wanda aka bari ba a tsare ba, shi ne kuma wanda babu mai tare shi idan aka yi jifa. Baylor tana da masu jifa uku na gaske a waje waɗanda dole a bi su, sai Vital ya riƙa shigowa da gudu daga inda aka manta da shi. Duk kocin da ke da ɗan wasan da ba ya jifa ya kamata ya ɗora masa wannan aikin a kowane hari, ba tare da togiya ba, in ba haka ba ƙungiyar huɗu da biyar take bugawa.

Don haka idan ana auna jerin 'yan wasa, tsawon da aka rubuta a takarda shi ne mafi ƙarancin abin dubawa. Ba da kai ake cafke ƙwallo ba. A duba tsawon hannu, domin Tugler da aka ambata hannayensa idan ya buɗe sun haura ƙafa 7 nesa ba kusa ba. A duba nauyin ƙugu da cinya, wanda shi ke hana a ture mutum. A duba saurin tsalle na biyu, domin ribawun da yawa ba a tashin farko ake samunsa ba. Kenneth Faried na Morehead State ƙafa 6 da inci 8 ne, amma a 2011 ya wuce jimillar ribawun ɗin fitaccen ɗan wasa Tim Duncan na jami'a. Ra'ayi mafi ƙarfi a nan shi ne ƙungiya na iya rage tsawo a matsayi na huɗu, wato babba na biyu, idan 'yan gefenta biyu masu jiki ne da ke shiga ribawun. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ta rage a na huɗu, ta rage a gefe, sannan ta bar 'yan wajenta suna fita da gudu kafin a cafke ƙwallo.

Jifan fanareti a ƙarshen wasa

A nan doka ta ba masu tsaro fifiko ƙarara: mutum huɗu nasu a gefen fili, biyu na masu jifa, kuma masu tsaro ne ke wuraren da suka fi kusa da kwando. Daga laifi na bakwai na ƙungiya a rabin wasa, mai jifa sai ya zura na farko kafin a ba shi na biyu, don haka ƙwallon farko ma a raye take idan ta ƙi shiga. Daga na goma ne ake ba shi biyu kai tsaye. Aikin a fili yake: na ƙasa biyu su taka su tare na kusa da su, na sama ɗaya ya matse ƙwararren mai ribawun na abokan hamayya daga ɗaya gefen, ɗayan ya tare mai jifa. Koci mai lura yakan yi canji kafin jifan, ya shigo da manyansa biyu ko da zai fitar da su bayan daƙiƙa uku.

Oregon ta koyi tsadar sakaci a nan a wasan kusa da na ƙarshe na 2017. North Carolina na gaba 77 da 76, saura ƙasa da daƙiƙa shida, Meeks ya ɓarar da jifa biyu. Theo Pinson ya tashi ya mare ƙwallon zuwa waje, ta faɗa hannun Joel Berry. Aka yi wa Berry laifi, shi ma ya ɓarar da biyu, sai Meeks ya ratsa ya cafke ta ƙarshen ya miƙa ta waje har lokaci ya cika. Jordan Bell, wanda ya fi kowa ribawun a Oregon, yana wurin da ya fi kusa da kwando a duka biyun, amma ya tashi wa ƙwallon kafin ya sa jikinsa a kan mutumin da ke gefensa. Oregon ba ta samu yin ko jifa ɗaya ba a waɗannan daƙiƙun.